Mutumin Gafasa a Garin Zinariya

Ban taɓa ganin teku ba sai ranar da motarmu ta lalace a bakinsa, tsakanin Kwatano da Lome. Kwana biyu muka yi a wurin. Direba ya tafi neman ƙarfen da ya karye, mu kuwa muna zaune gindin itatuwan kwakwa muna kallon ruwa yana zuwa yana komawa. Sauran fasinjoji sun saba, wasu ma wanki suka kama yi. Ni hankalina yana kan kwanaki. Ran Litinin za a buɗe kwas a Akara, ga shi Litinin ɗin ta riske ni a ƙasar Dahomi ina gaigayar gasasshiyar masara.

Sunana Habu, haifaffen Toranke a ƙasar Gaya. A lokacin shekarata uku ina aiki da wata jaridar Hausa, ina kawo labaran kotu da na kasuwa da na gona. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Ko'ina ka zauna maganar man fetur ake yi, ga kuza a Jos, ga kwal a Inugu, ga sabuwar madatsar ruwa a Kainji, amma a ofishinmu babu mai iya yi wa mai karatu bayanin ko ɗaya. In takarda ta zo daga kamfani, fassara ta muke yi mu buga yadda take. Da aka aiko da gayyata cewa za a horar da 'yan jaridar Afirka ta Yamma wata uku a Gana kan rubuta labarin ma'adinai da wutar lantarki, sai editanmu ya dube ni ya ce, "Habu, kai ne ba ka da iyali. Je ka koyo mana." Ya ɗauko kyamarar ofis, ita kaɗai muke da ita, ya damƙa mini.

Ran Laraba da hantsi muka isa iyakar Gana. Shekara biyu kafin nan an kori baƙi da yawa daga ƙasar, saboda haka duk wanda ya miƙa fasfon Nijeriya sai an dube shi sama da ƙasa. Ina tsaye a layi, akwati a ka, gumi na zuba, sai na ji murya a bayana.

"Salamu alaikum, Malam. Daga Kano?"

Na juya. Wani mutum ne mai farin kaftani wankakke, da carbi a hannu. Tun Legas ban ji Hausa mai daɗi irin tasa ba. Ya ce sunansa Tanko, mutumin Wudil ne. Da na ce masa Toranke, sai ya hau ba ni labarin kasuwar Gaya, har inda masu fura suke zama ya sani. Kafin mu matsa taku goma na ji kamar ɗan ɗakinmu na tsinta.

"Me ke cikin akwatin?" ya tambaya a hankali.

Na faɗa masa.

Ya girgiza kai. "Kyamara? Wallahi kwastan ɗin nan in sun gan ta ta tafi ke nan. Kawo, ina da sanayya da su. Kai je ka a buga maka hatimi, mu haɗu gindin mangwaron can na wancan ɓangare."

Da hannuna na sauke akwatin na ɗora masa. Har godiya na yi.

Gindin mangwaron nan na yi azahar, na yi la'asar. Wata mai sayar da lemo ta daɗe tana kallona, can ta yi mini nuni da hannu, ta kaɗa shi cikin iska, alamar mutumin ya yi nisa. Ta ɓare lemo ɗaya ta miƙo mini, ba ta karɓi komai ba.

Cikin akwatin akwai takardar gayyata, da kyamarar, da tufafina duka, har da sabuwar rigar da Baba ya sa aka ɗinka mini a Gaya. Amma abin mamaki, da na zauna ina tunani, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙullin yajin da Inna ta kwana biyu tana dakawa. Abin da ya rage mini fasfo ne, da ɗan littafin rubutu, da biro, da guzirin da Innar ta ɗinke mini a cikin ƙugun wando tana cewa ba a san hanya ba. Da shi na shiga motar Akara.

Direban ne ya ce in nemi Nima, unguwar da Hausawa suke. Da sassafe na shiga unguwar, ban san kowa ba, na bi ƙamshin ƙosai har na tsaya gaban wata dattijuwa mai tukunyar koko. Ta dube ni sau ɗaya, ta zuba koko a kwano, ta ɗora ƙosai a takarda, ta nuna mini benci.

"Sha tukuna," ta ce. "Magana yana baya."

Iya Hawa ke nan. A Akara aka haife ta, iyayenta fatake ne na goro da suka zo suka zauna. Hausarta irin ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo, ya tafi". Da na gama ba ta labari, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini jaje mai tsawo ba. Ta shiga ɗaki ta fito da riga da wando na mijinta marigayi, sun yi mini yawa, ta ce in yi wanka in sa. Ta kuma sa wani maƙwabcinta mai tasi ya kai ni inda ake kwas ɗin.

Bene ne mai hawa biyu kusa da teku. Sakatariyar da ke ƙasa ta buɗe littafi, ta nuna mini sunana an ja masa layi.

"Kwana uku ka makara," ta ce da Turanci. "Ina takardarka?"

Na ce an sace.

"To, ta yaya zan san kai ne?"

Na nuna fasfo, ta ce fasfo ba takardar gayyata ba ne. Ina tsaye cikin rigar mamaci, hannun rigar ya rufe mini yatsu, ina tunanin yadda zan koma in gaya wa edita babu kyamara, babu kwas. Sai wani siririn tsoho mai furfura ya sauko daga bene da lofe a baki. Shi ne Mista Ansa, shugaban malaman, wanda ya shekara talatin yana aikin jarida. Ya saurari abin da ake ciki, ya ce in biyo shi. Ya zaunar da ni gaban tafireta.

"Ka ce kai ɗan jarida ne. Rubuta mini yadda akwatinka ya ɓata. Awa ɗaya."

Na zazzage duk abin da ke cikina. Na kira Tanko ɓarawo, azzalumi, maci amana, ɗan Wudil da ya zubar da mutuncin garinsu. Mista Ansa ya karanta yana jan lofe, ya ɗauki jan biro ya yi ta soke layuka.

"Wa ya gaya maka mutumin Wudil ne?"

"Shi ya faɗa."

"Wa ya gaya maka sunansa Tanko?"

Na ce shi ɗin ne dai.

"To rubuta, ya ce sunansa Tanko, ya ce daga Wudil yake. Mutumin da ya yi maka ƙarya a kan akwati, me zai hana shi yi maka a kan garinsu? Ka zagi gari guda a banza." Ya miƙo mini takardar. "Amma mai lemon nan ka gan ta da kyau. Hau sama, an fara darasi."

Mu goma sha huɗu ne, daga Saliyo da Laberiya da Gambiya da Nijeriya da Ganar kanta. Makonnin farko na sha wuya. Aka koya mana karanta rahoton shekara na kamfani, wanda rabinsa lambobi ne, da yadda ake auna ma'adini, da bambancin abin da aka haƙo da abin da aka tace. Injiniyoyi suna zuwa su yi mana lacca. Duk wanda ya gyaɗa kai alhali bai gane ba, Mista Ansa yana lura, sai ya ce, "Tashi ka maimaita mana da harshen da kakarka za ta fahimta." Ni kullum Inna nake sawa a gabana. In na ga ba zan iya yi mata bayanin abu tana tankaɗe ba, sai in ɗaga hannu in sake tambaya. Da farko 'yan ajin suna dariya, daga baya suka riƙa jira in tambaya musu.

An kai mu babbar madatsar ruwan ƙasar. Muka shiga ɗakin da injuna ke juyawa, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafafunmu. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya a wani ƙauye, manyan wayoyi sun ratsa ta samansa sun wuce birni, a kasuwar ƙauyen kuwa fitilun gwangwani ake sayarwa, irin waɗanda muke kunnawa a Toranke. Na rubuta wannan a littafina. Shi ne labarina na farko da jan biro bai cinye rabinsa ba.

Kewar gida kuwa ba ta sake ni ba. A masaukinmu kullum dokunu ne da kifi da barkono, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Ina ci don dole. In ruwan sama ya sauko sai in tsaya a taga ina lissafin cewa yanzu gero ya fid da kai a gonarmu ta bayan gari, Baba yana zagayawa da sanda, hannu a baya. Har sautin tabarya nake ji a kunnena da la'asar. Ran Juma'a kaɗai nake samun sauƙi. In an sauko masallaci a Nima sai in wuce gidan Iya Hawa, in tarar ta nemo kuka da daddawa wurin masu kawo kaya daga arewa, ta tuƙa mini tuwo. Miyar ba ta kai ta gida ba, ta cika manja, amma ban taɓa bari ta ga saura a kwano ba.

A wata na uku aka kwashe mu zuwa wani garin haƙar zinariya a cikin kurmi, tafiyar yini guda. Mako biyu za mu yi, kowa ya rubuta babban labarinsa na ƙarshe. Jami'in kamfanin da ya tarbe mu matashi ne mai farin takalmi da fara'a. Ya raba mana takardu masu hotuna, ya nuna mana asibiti da filin ƙwallo. Kwana uku Mista Ansa yana matsa masa kafin ya yarda a sauka da mu rami.

Aka ba mu hular kwano mai fitila a goshi, aka cusa mu cikin wani keji na ƙarfe. Da aka sake shi, ya nutsa da mu ƙasa da gudu. Hasken rana ya ƙanƙance a sama har ya ɓace, kunnuwana suka toshe, ina ta salati a zuci. A ƙasa zafi ne kamar ɗakin da aka rufe da wuta a ciki, ruwa na ɗiga, mutane tsirara daga ƙugu zuwa sama suna danna injin huda dutse da ƙirjinsu. Ƙura ta cika wurin, hasken fitila ma da ƙyar yake ratsa ta. Injiniyan da ke tare da mu ya ce dutsen da zai cika mota ba ya ba da zinariyar da za ta cika cokali.

Can na ji wani ya ƙwala kira, "A kauce! Za a ta da nakiya!"

Da Hausa. Ashe yawancin masu aikin ƙasa mutanen arewa ne, ƙabila iri-iri, Hausa ce ta haɗa su. Na yi wa wanda ke kusa da ni sallama. Ya haska fuskata da fitilarsa, ya yi dariya, ya ce, "In ka hau sama ka nemi Audu Kano, mai gadin ɗakin fitilu. Mutumin ku ne."

Da la'asar na same shi zaune kan benci a ƙofar ɗakin da ake ajiye fitilun. Tsoho ne dogo, ya rame, kafaɗunsa suna ɗagawa duk numfashin da ya ja. Na durƙusa na gaishe shi.

"Daga ina, samari?"

"Daga Kano, Baba."

"Kano da faɗi. Ina?"

"Ƙasar Gaya."

Ya gyara zama. "Gaya ina?"

"Toranke."

Ya daɗe yana kallona. Sai tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi har na tashi na riƙe masa kafaɗa. Da ya lafa ya ce, "Ni ɗan Gafasa ne."

Har rana ta faɗi muna wurin. Hausarsa ba ta gauraya da ta zango ba ko kaɗan, irin ta tsofaffin ƙauyukanmu ce, har da kalmomin da tun rasuwar kakana ban ƙara ji ba. Ya tambaye ni tsamiyar da ke bakin rijiyar garinsu, na ce tana nan. Ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, kaɗan na sani, yawanci ban sani ba. Ya ce shekarar da fara ta cinye amfanin gona ya bar gida. Sun yi faɗa da wansa a kan gonar gado, ya ɗaga masa fartanya a gaban jama'a. Bai sare shi ba, amma kunya ta hana shi kwana a garin. Ya bi fataken goro, daga nan ya ji ana ɗaukar ma'aikata a rami. Sama da shekara talatin ke nan.

"Ba ka taɓa aikawa gida ba, Baba?"

"Shekarar farko na ce sai na tara abin da zan nuna. Ta biyar na ce sai na ƙara. Daga nan kuma me zan ce musu?"

Shekara ashirin da wani abu ya yi yana huda dutse, har ƙura ta cinye masa huhu. Da ya kasa, aka fito da shi sama aka ba shi gadi da ɗaki ɗaya a barikin kamfani. Nan yake da matarsa Akosuwa, 'yar ƙasar, wadda ta sa ko da aka kori baƙi shi bai tafi ba. Washegari ya zagaya da ni barikin. Ɗaki bayan ɗaki, ga maza zaune a ƙofa suna irin tarinsa. Suka gaya mini akwai tiyon ruwa da ya kamata a riƙa fesawa a dutse don ƙura ta kwanta, amma in ya lalace ba a tsayar da aiki, sai a ce a ci gaba. Na je asibiti na tambayi likita, na koma wurin injiniya na tambaye shi tiyon, na nemi jami'in mai farin takalmi ya ba ni amsar kamfani. Kwana biyar na yi ina haɗa labarin, na kai wa Mista Ansa ina jin kaina.

Ya karanta har ƙarshe bai taɓa jan biro ba. Sannan ya ɗora yatsa a kan sunan Baba Audu.

"Labaran nan duka za a ba kamfani kwafi, haka muka yi da su. In suka karanta, wa zai rasa ɗakinsa, kai ko shi?"

Ban yi wannan tunanin ba sam.

"Ya san za ka sa sunansa?"

"Ya san ni ɗan jarida ne."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Koma ka gaya masa abin da zai iya biyo baya, ka bar shi ya zaɓa."

Na koma wurin Baba Audu. Na tarar da shi yana goge gilasan fitilu da tsumma. Na yi masa bayani ban ɓoye komai ba, na ce in ya ce in yaga, zan yaga. Ya ci gaba da gogewa, can ya ce, "Da wane harshe za ka rubuta?"

Na ce da biyu. Na Turanci na nan ne, na Hausa zan aika wa jaridarmu.

"Jaridar taku tana zuwa Gaya?"

"Tana zuwa, Baba. Malaman makaranta suna saye, a karanta wa mutane."

Ya ajiye fitilar. "To na Turancin ka cire ni. Ka ce wani tsoho. Akosuwa ba ta da inda za ta. Amma na Hausar ka sa sunana sosai. Audu ɗan Malam Isa, na Gafasa, ƙanen Garba, yayan Hajara. Ka faɗi maganar ƙurar duka, kada wani yaron ƙasarmu ya ji zinariya ya taho. Sannan ka ce ina raye."

Haka na yi. A na Turancin na cire duk abin da zai nuna shi, har aikin gadin. Jami'in kamfani ya zo da takardar a hannu, fara'ar ta tafi, ya ce an ci amanar karamcinsu. Mista Ansa ya tambaye shi wane layi ne ƙarya. Ya juya shafukan, ya sake juyawa, ya ce ba maganar ƙarya ba ce. Ko sun gyara tiyon bayan tafiyarmu, ban sani ba, ba zan ce na sani ba. Na Hausar kuwa na sa a ambulan na kai gidan waya da kaina.

Ranar da za mu bar garin, Baba Audu ya rako ni har mota, yana tafiya yana hutawa. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ce, "Ka gaida gida." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Aka yi bikin rufe kwas, aka ba mu takardar shaida. Iya Hawa ta ɗaure mini kayana a kwali, ta ƙi karɓar rigar mijinta, ta ce in ta gan ta a jikin mai rai ta fi jin daɗi. Da na zo iyaka, kwalin yana hammatata har na ƙetare. Edita ya yi mini faɗan kyamara na kwana ɗaya, sannan ya nuna mini labarina, an buga shi tun ina hanya, ya cinye shafi guda. Ya ba ni hutun mako biyu.

Na isa Toranke ana tsakiyar girbi. Kwana uku da zuwana, muna zaune a zaure da Baba bayan azahar, aka yi sallama. Wani magidanci ne da wata tsohuwa a bayansa, ƙafafunsu fari fat da tafiya. Ya ce daga Gafasa suke, wannan mahaifiyarsa ce, Hajara. Malamin makarantar garinsu ne ya karanta jaridar a gindin bishiya, da ya zo kan sunan sai wurin ya ruɗe. Sun daɗe da yi wa Audu sadakar mutuwa. Garba kuwa ya rasu shekara shida da suka wuce, kuma har ya bar duniya bai yarda an raba gefen gonar da ke na ƙanensa ba.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa, ba ta sha ba.

"Kai ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi, Goggo. Mun ci abinci kwano ɗaya."

"'Ya'yansa nawa?"

Na ce ina jin uku ne.

"Su wa da wa?"

Ban sani ba.

"Yana da haƙora? Yana iya cin tuwo? Matar tana kula da shi? In ciwon ya tashi wa yake dafa masa ruwa? Yana yin azumi da wannan tarin?"

Na san zurfin ramin, na san sunan injin da ya ci huhunsa, na cika littafi guda da tambayoyi, amma ko ɗaya daga cikin nata ban yi ba. Na ce, "Goggo, ki gafarce ni. Faɗi duk abin da kike son ji, in rubuta masa yanzu."

Na ɗauko takarda. Ta yi ta faɗa ina rubutawa har shafi huɗu. Ta jera masa waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Ta ce gonarsa tana nan, ɗanta ke noma ta, bana dawa aka sa. Maganar fartanya ba ta ambata ba, da na tambaye ta ko in sa cewa an yafe, sai ta ce, "Wa ya riƙe, balle a yafe?"

Amsa ba ta zo ba sai bayan wata biyu, ta ofishinmu. Na ɗauki ranar Asabar na hau mota zuwa Gaya, na ari keke na ƙarasa Gafasa. Baba Audu ya sa wani mai rubuta wasiƙa ya rubuta masa, ya amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har da haƙoran, ya ce saura na gaba. Ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki tafiyar mota ba, kada ta sa rai, amma babbar 'yarsa sunanta Hajara. A cikin ambulan ɗin akwai hoto. Ya sa babbar riga da hula, yana zaune a kujerar mai hoto, Akosuwa a tsaye a gefensa, 'ya'ya uku a baya.

Goggo Hajara ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa. Ta fita da shi tsakar gida inda haske yake, ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa. Matan gidan suka kewaye ta. Saurayi ɗan shekara ashirin take nema a takardar, na ga alama ba ta same shi ba. Can sai ta dafe bakinta.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Wannan ai Babanmu ne. Ku zo ku ga Malam Isa."

Ta zauna a kan turmi da hoton a cinyarta, tana dariya, hawaye na bin kumatunta, tana kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya su zo su gaida kakansu.